Waiwaye: Yadda Sunayen Ƙauyukan Ingila Suka Zama Sunayen Zuriya

Akasarin ƙauyukan Ingila sun samu sunayensu ne daga bakin Anglo-Saxon, ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmark tun a ƙarni na 5. Da yake manoma ne, abin da idonsu ya gani a wuri shi suke kiran wurin da shi. Kalmarsu ta "tun" tana nufin gona mai shinge, kuma ita ce ta rikiɗe ta koma "ton" a ƙarshen sunaye irin su Sutton, wato gonar kudu, da Newton, sabuwar gona. "Ley" fili ne da aka share a cikin kurmi, "ford" kuwa mashigin ruwa ne, shi ya sa Oxford ke nufin mashigin shanu. Mayaƙan Viking da suka zauna a arewa da gabashin ƙasar a ƙarni na 9 sun bar tasu alamar, wato "by", kamar a Grimsby, ƙauyen wani mai suna Grim.

A lokacin da Sarki William ya sa aka yi ƙidayar Domesday a 1086, aka rubuta wurare sama da 13,000, talaka suna ɗaya kawai yake da shi. Manyan Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, da suka ci ƙasar da yaƙi a 1066 su ne suka fara liƙa sunan gandunsu a bayan nasu, sannan al'adar ta gangaro sannu a hankali, har zuwa wajen 1400 da yawancin iyalai suka samu sunan gado.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, galibi sai mutum ya bar ƙauyensu ake kiransa da sunan ƙauyen, domin a gida kowa ɗan gari ne, sunan ba zai bambanta shi da kowa ba. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ya san Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A wajen 1180 wani William de Hertburn ya karɓi gandun Wessyngton daga hannun Bishop na Durham, ya ɗauki sunan wurin, wanda daga baya ya rikiɗe ya koma Washington. Wani daga zuriyarsa ya yi ƙaura zuwa Virginia a tsakiyar ƙarni na 17, kuma daga tsatsonsa George Washington ya fito, wanda babban birnin Amurka ke amsa sunansa a yau.