Giɓin kasafin kuɗi a Chadi da muhawarar harajin attajirai

Giɓin kasafin kuɗi shi ne ratar da ke samuwa idan abin da gwamnati ta kashe a shekara ya fi abin da ya shiga baitulmalinta. A Chadi, wannan rata tana faɗaɗa ko ta tsuke ne gwargwadon farashin gangar ɗanyen mai, kuma duk lokacin da ta faɗaɗa sai tsohuwar gardama ta dawo: wa ya kamata ya cike ta?

Tushen giɓin

Chadi ta fara fitar da mai a 2003 daga rijiyoyin Doba, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 da ke ƙarewa a gaɓar Kribi ta Kamaru. Bankin Duniya ya sa hannu a aikin bisa sharaɗin wata doka ta 1999 da ta ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man a wani asusu domin 'yan baya masu zuwa. Gwamnatin Idriss Deby ta soke wannan asusu a ƙarshen 2005, tana mai kafa hujja da buƙatun tsaro, bankin kuma ya tsame hannunsa a 2008.

A 2014 kamfanin mai na ƙasa ya ciwo bashin kusan dala biliyan 1.45 daga kamfanin cinikin mai na Glencore don sayen hannun jarin kamfanin Chevron a rijiyoyin Doba, da alkawarin biya da ɗanyen mai. Cinikin bai zo da sa'a ba. Gangar da ake sayarwa sama da dala 100 ta faɗi ƙasa da 30 a farkon 2016, sai biyan bashi ya riƙa lashe mafi yawan kuɗin man. An sake tsara bashin a 2015 da 2018, sannan a Janairun 2021 Chadi ta zama ƙasa ta farko da ta nemi sassauci ƙarƙashin sabon tsarin sauƙaƙa bashi na G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. Ga kuma ɗawainiyar yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi, da 'yan gudun hijirar Sudan da ke kwararowa ta Adre tun 2023.

Ƙasar ba ta da damar buga kuɗi ta toshe giɓi. Sefa tana hannun babban bankin BEAC da ke Yaounde, an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, kuma ƙa'idar CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen tsakiyar Afirka, ta hana bashin ƙasa wuce kashi 70 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara. Saura bashi, tallafin waje, rage kashewa, ko ƙarin haraji.

Wanda ya ɗauki nauyin

A 2016 gwamnati ta zaɓi tsuke bakin aljihu. Matakai 16 da ta sanar sun zabge alawus-alawus na ma'aikata, sun kuma taɓa tallafin ɗaliban jami'a. Yajin aiki ya rufe makarantu da asibitoci a wannan shekarar, ya sake ɓarkewa a farkon 2018. Dalilin da ya sa aka faro daga ma'aikaci a fili yake: albashinsa a rubuce yake, ana cire haraji tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Haka mai rumfa a babbar kasuwar Ndjamena, wanda mai karɓar haraji ya san lambar rumfarsa. Harajin saye da sayarwa kuwa, da mai ɗan kwabo da mai buhu duk kai ɗaya suke biya.

Dukiyar manya ba haka take ba. Tana cikin filaye da gidajen haya da ba su da cikakkiyar rajista, da garkunan shanu da ake korawa Najeriya, da kwangilolin gwamnati, da takardun yafe kuɗin duwan a kan kayan da ke tsallako gadar Ngeli daga Kuseri ta Kamaru. Wannan na cikin dalilan da suka sa harajin da ba na mai ba ya yi ƙaranci ƙwarai a Chadi, ko a ma'aunin Afirka.

Muhawarar

Ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula suna cewa wanda ya fi cin moriyar shekarun mai shi ya dace ya fi biya. Masu adawa, ciki har da manyan 'yan kasuwa, suna cewa kamfanonin da ke da rajista ƙalilan ne kuma an riga an yi musu lodi, ƙarin nauyi zai kori jari zuwa Kamaru ko Dubai. Wasu attajirai Musulmi suna ƙara da cewa suna fitar da zakka, amma zakka tana da mutanen da shari'a ta ƙayyade mata, ba ta biyan albashin malamin firamare. Akwai kuma ƙorafin da kowane ɓangare ke yi, wato rashin sanin inda harajin ke zuwa.

Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya fi karkata ga rage yafe-yafen haraji, gyara aikin duwan da mayar da biyan haraji ta kwamfuta. Shawarar da Brazil ta kai gaban G20 a 2024, ta karɓar kashi 2 cikin ɗari na dukiyar masu biliyoyin daloli, ba ta da tasiri sosai a nan, domin irin waɗannan attajirai ba a Chadi suke ba. Abin da ya fi kusa shi ne harajin filaye da gidaje a Ndjamena da Mundu, kuma shi ma sai an fara rubuta sunan mai kowane fili, aikin da yawancin masu manyan filayen ba sa ɗokin ganin an gama.