Waiwaye: Yadda Aka Koyi Barin Kayan Tarihi a Inda Suke

Haƙar wurin tarihi aiki ne da ba a maimaita shi. Ƙasar da aka ɗaga ta tafi ke nan da bayanin da ke cikinta: wace tukunya ce a ƙarƙashin wane daɓe, wane gawayi ne kusa da wane ƙashi. Da gawayin nan ake auna shekarun wuri. Kayan da aka tono ba a rubuta mazauninsa ba ya rasa rabin amfaninsa.

Dokokin farko yaƙi da sata suka sa a gaba. Yarjejeniyar Hague ta 1954 ta kare kayan al'adu a lokacin yaƙi, ta UNESCO ta 1970 ta tunkari fasa-ƙwaurinsu. A 1990 ICOMOS, ƙungiyar duniya mai kula da wuraren tarihi, ta fito da ƙa'idar cewa a fara da binciken da ba ya taɓa ƙasa, kuma ko an haƙa a bar wani sashe domin masu zuwa da na'urori mafi inganci.

A ƙarƙashin ruwa ɓarnar ta fi sauri. Tun da aka ƙera na'urar numfashi ta masu nutso a Faransa a 1943, jiragen da suka nutse suka zama ganima. Jirgin Geldermalsen na Holan ya nutse a 1752. A 1986 a Amsterdam aka yi gwanjon tangaran ɗin ƙasar Sin sama da 150,000 da aka kwaso daga cikinsa, ba tare da cikakken nazarin wurin ba. Wannan asara ce da kuɗi ba ya mayarwa.

Ko da kyakkyawar niyya, tsamo jirgi babban nauyi ne. Ƙwayoyin cuta suna cinye cikin katako, ruwa ya maye gurbin, don haka da ya bushe sai ya motse ya tsage. Jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961, shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma kafin ya iya tsayuwa a iska. Duk da haka, wajen 2000 farar wuta da tsatsar ƙusoshi suka fara haifar da asid a jikinsa. Ƙarfe kuwa sai an jiƙa shi ana sauya ruwa har gishirin ya fita, in ba haka ba ya ruɓe daga ciki.

Darussan nan ne suka shiga yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda ta fara aiki a 2009. Ta shafi abin da ya kai shekara 100 a ruwa, ta hana cinikinsa, ta ce barin sa a wurinsa shi ne zaɓin farko. A aikace ana rufe tarkacen da buhunan yashi ko raga mai tara laka, domin tsutsar da ke huda katako ba ta rayuwa inda babu iska, sannan masu nutso su riƙa komawa dubawa. Sai dai yarjejeniyar ƙasashen da suka amince da ita kawai take ɗaurewa, kuma Amurka da Birtaniya ba su shiga ba.