Abincin bakin titi na ban mamaki ga matafiya

Abincin bakin titi shi ne wanda ake dafawa ana sayarwa a gefen hanya, kasuwa ko tasha, a ci nan take. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2007 cewa mutane biliyan 2.5 ne ke cin irinsa kullum. Wanda baƙo ke kira na ban mamaki, galibi cimar yau da kullum ce ga masu garin.

Tarihi

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. A Pompeii ta Italiya, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono shagunan abinci kusan 80 masu fuskantar titi, da manyan tuluna a jikin kantarsu. A wani da aka bayyana a 2020 an samu ragowar ƙasusuwan agwagwa, akuya, alade, kifi da ɓawon dodon koɗi. Ana ganin talakawan da ba su da madafa a gida ne suka fi dogara da su.

Tarihin Singafo a fili yake. Gwamnati ta yi wa masu talla rajista wajen 1968, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta kwashe su daga kan titi zuwa rumfuna masu ruwan famfo da magudanai. A Disambar 2020 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya al'adar sayar da abinci a waɗannan rumfuna cikin gadon al'adun duniya.

Misalai

A Filifins akwai balut, ƙwan agwagwa da ake bari ɗan tsako ya fara ƙulluwa cikinsa na kwana 14 zuwa 21, a dafa, a ci da gishiri ko ruwan tsami. Garin Pateros ya yi suna da shi. A Skuon ta Kambodiya ana soya manyan gizo-gizo da tafarnuwa. Wasu na cewa yunwar zamanin mulkin 'yan kwaminisanci na Khmer Rouge, 1975 zuwa 1979, ce ta yaɗa cin su, wasu kuma na cewa al'adar ta girmi wannan zamani. Kasuwannin dare na Taiwan sun shahara da awara mai wari, Koriya ta Kudu da dafaffiyar tsutsar siliki, Oaxaca ta Meziko kuwa da gasasshiyar fara mai barkono da lemun tsami. A dandalin Jemaa el-Fna na birnin Marrakesh a Maroko ana shan romon dodon koɗi.

Lafiya

Gudawa ce cutar da ta fi damun matafiya. Abincin da aka dafa a gaban mutum, aka ci da zafinsa, ya fi aminci kan wanda ya daɗe a ajiye, kuma ƙanƙara da ɗanyen ganye sun fi haɗari. Masu kiyaye dokokin abinci na addini kan tambayi irin man da aka yi suya da shi, domin a wasu ƙasashen kitsen alade ne.