Ɗalibai masu larurar otizim a makarantun Sakkwato

Otizim larura ce ta haɓakar ƙwaƙwalwa da ke shafar magana, cuɗanya da mutane, da yadda yaro ke jure ƙara, haske ko taɓawa. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a Amurka a 1943. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta ga maza. Ba ta yaɗuwa, ba kuma rigakafi ke jawo ta ba.

A bisa doka, irin wannan yaro na da gurbi a aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ƙarfafa wannan haƙƙi.

Sai dai duk da haka akan kori irin waɗannan yara daga makaranta, kuma korar ba kasafai take zuwa a rubuce ba. Yaro ya toshe kunnuwa da an kaɗa ƙararrawa, ko ya yi ta kaɗa hannuwa yana maimaita kalma ɗaya, sai a ce taurin kai ne, wasu ma su ce shafar aljanu. Malami ya ɗauko bulala, abin ya ƙara dagulewa, daga bisani a ce wa iyaye su riƙe shi a gida har ya natsu. Da yawa ba sa komawa. Cunkoson aji da zafin bazarar Sakkwato suna ƙara wa yaron nauyi.

Abin da ke taimakawa ba ya cin kuɗi sosai: a zaunar da shi gaba, nesa da ƙofa, a maƙala jadawalin darussa na hotuna, a sanar da shi kafin a sauya darasi, a yi masa magana a taƙaice. In ya rikice, a bar shi ya huce a inuwa, ba a tara masa jama'a ba. Malamin da ke tambayar uwar yaro abin da ke firgita shi ya fi saurin shawo kansa.

Ana iya kai yaro a duba shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. A cikin gari kuma akwai makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, kodayake yawancin masu otizim na iya karatu a makarantar unguwa in an tallafa musu.