Riƙewar fitsari: a yi sikanin kafin a sa roba

Jama'ar Kaduna, musamman iyayenmu maza da suka haura 50, dan Allah ku saurare ni. Da yawa suna zaune a gida fitsari na wahalar dasu amma sun ƙi zuwa asibiti, wai tsoron kar a sa musu roba, wato siririn bututun da ake zurawa ta hanyar fitsari don a fitar da shi. Wallahi ba kowa ake sawa ba, akwai gwajin da yake nuna waye yake buƙata.

Sikanin ɗin mafitsara ne. Za a ce Baba kaje kayi fitsari iya iyawarka, kana dawowa kafin minti 10 sai ka kwanta, a shafa maka wani mai me sanyi a mara ƙasan cibiya, a ɗora kan na'urar a ɗan juya, take zata nuna yawan fitsarin da ya rage a ciki. Ba allura ba zafi, ba abinda ake tura maka. Inda babu ƙaramar na'urar, injin sikanin da ake yiwa masu ciki shima yana aunawa.

Mafitsarar babba tana ɗaukar mil (wato mililita) 400 zuwa 600, kusan ledar fiyawata ɗaya kenan. In abinda ya rage bai kai mil 50 ba lafiya lau, dattijo ma har 100 ba a damuwa. In ya wuce 200 akwai matsala sai an bincika, in kuma ya kai 400 ga mara ta kumbura tana ciwo, to nan likita zai iya cewa a sa roba, kuma a wannan halin rahama ce, domin fitsarin da ya taru yana komawa sama ya lalata ƙoda.

Abinda yafi damuna shine masu cewa ai ina fitsari. Baba, wanda yake ɗiga kaɗan kaɗan, ka tashi sau da yawa cikin dare, wando na jiƙewa alwala ta ƙi zama, sau tari mafitsara ce ta cika take ambaliya. Kumburin furostet, wata tsoka dake ƙasan mafitsarar namiji wadda hanyar fitsari ta ratsa ta cikinta, shi yafi kawowa ga maza, sai tsukewar hanyar fitsari bayan ciwon sanyi, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, har wasu magungunan mura da tiramol. Mata ma yana samunsu bayan haihuwa ko tiyata.

Robar kuma ba abin wasa bace, kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin shigar ƙwayoyin cuta ƙaruwa yake, shiyasa bama son a sa ta da ka, kuma kar ku yarda a sa muku a kemis. Me juna biyu ko me ruwa a ciki ya faɗa tun farko, na'urar tana iya ruɗewa.

In fitsari ya tsaya cak ga ciwon mara, kar a tsaya jiƙa saiwa ko a jira gari ya waye, a wuce Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko asibiti mafi kusa a daren.