Yinin Rediyo a Maraɗi a Tsakiyar Ƙarni na 20

Yinin rediyo shi ne jerin shirye-shiryen da tasha ke watsawa tun daga buɗewarta da safe har zuwa rufewarta da dare. Daga 1957 zuwa ƙarshen shekarun 1960, lokacin da akwatin rediyo ke shiga zauruka da kantunan Maraɗi, babu tashar da ke magana da Hausa dare da rana, kuma ba a ware tasha don matasa ko don labarai kaɗai. Tasha guda ke ɗauke da manomin gyaɗa da ɗan kasuwa da ma'aikaci da matar aure da ɗan makaranta. Shi kuwa mai sauraro a Maraɗi da kansa yake haɗa yininsa daga Yamai da Kaduna da Landan, gwargwadon inda rana take da kuma ƙarfin batirinsa.

Tashoshin da ake kamawa

An buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, a ƙarƙashin SORAFOM, hukumar Faransa mai kula da rediyo a ƙasashen da take mulka, wadda wata hukumar mai suna OCORA ta gada a 1962. Faransanci ne ke cin kaso mafi tsoka na lokacin tashar, sai Hausa da Zabarmanci, sannan Fulatanci da Tamashek da Barbarci da ɗan abin da ya rage. BBC ta fara magana da Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15 wanda Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar, kuma daga 1958 shirin ya zama na kullum. Rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa ya fara aiki a 1962. Muryar Jamus da Rediyon Sin sun buɗe sashen Hausa a 1963.

Yamai tana nesa da Maraɗi da fiye da kilomita 600 a mota. Kaduna ta fi kusa, Katsina kuwa ba ta kai kilomita 100 ba, ga kuma zumunci da cinikin da suka riga iyaka tsufa. Don haka Kaduna, mai yawan Hausa da yawan kiɗa, ta samu kunnen Maraɗawa sosai, Yamai kuma ta zama inda ake jin maganar hukuma.

Safe da rana

Tashoshin ƙasashen da Faransa ta raina sun saba raba yini gida uku: ɗan lokaci da safe, awa biyu ko makamancin haka da tsakar rana, sai doguwar fira da dare. Tsakanin waɗannan ana kashe na'urar watsawa, saboda tana shan wuta mai yawa, manyan ƙwayayenta masu kama da ƙwan fitila suna da adadin awowin da za su yi kafin su ƙone, ma'aikata kuma ba su da yawa.

Kafin a buɗe, tasha takan yi ta maimaita ɗan kiɗan shaidarta na ƴan mintoci. Amfaninsa babba ne: a lokacin ne mai akwati ke murɗa allura a hankali har ya daidaita ta. Sai taken ƙasa, sai sallama da faɗin sunan tasha da mitocin da ake kama ta. A Kaduna karatun Alƙur'ani ke buɗe yini. Labaran safe gajeru ne, yawancinsu ragowar na daren jiya ne da aka sake gyarawa, domin da damina mutum na son ya kai gona kafin hantsi ya dubi ludayi.

Watsawar tsakar rana ta ma'aikata ce da suka tashi cin abinci, da teloli da masu kanti da ke zaune wuri guda. A nan ake samun cikakkun labarai da Faransanci, sannan fassararsu, sannan sanarwa.

Dare

Daga bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma shi ne zuciyar yinin, kuma nan ake zuba duk abin da tasha ke tinƙaho da shi. Mai akwati yakan fito da shi ƙofar gida bayan sallar lisha, a ɗora shi bisa kujera ko turmi, maƙwabta su shimfiɗa tabarmi. Shi kaɗai ke taɓa allura. Idan an fara labarai surutu yakan ɗauke, sai an gama a shiga tankade da rairaya, wanda ya ji Faransanci ya faɗa wa saura abin da fassara ta tsallake. Mata sukan ji daga cikin gida ta bayan danga, shi ya sa ake ƙure murya ko da batir zai sha wuya.

Sanarwa ta fi yawancin shirye-shirye muhimmanci ga talaka. Ta nan ake jin rasuwa, da kiran taro, da sakamakon jarrabawa, da ranar buɗe kasuwar gyaɗa da farashin da hukuma ta yanka, musamman bayan kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗar ƙasar. A lokacin da wasiƙa ke kwana da kwanaki a hanya, sanarwar rasuwa da aka karanta da dare takan sa dangi su kama hanya da asuba. Dole mai karantawa ya faɗi suna da sunan uba da unguwa, ya kuma maimaita, don kuskure a nan yana iya tayar da hankalin gidan da babu abin da ya same su.

Sai zaɓi-sonka, inda ake karanta wasiƙun gaisuwa a saka wa mai wasiƙa waƙar da ya roƙa. Jerin sunayen kan fi waƙar tsawo, kuma jerin ne ake jira. Kiɗan kalangu da kotso da goge da gurmi, wasan kwaikwayo, shawara kan noma da lafiyar yara, duk nan suke. Da azumi jadawali kan sauya domin tafsiri. A ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna na watsa na Sheikh Abubakar Gumi.

Dalilin da ya sa dare ya fi

Da gajeren zango ake kama tashoshin nesa. Saƙon yakan hau sama ya bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki, ya dawo ƙasa can nesa. Da rana, hasken rana na haifar da wani rufi a ƙarƙashinsa mai shanye saƙon dogayen mitoci, da faɗuwar rana sai wannan rufin ya baje. Saboda haka tasha ke amfani da mita 41 ko 31 da rana, ta koma mita 60 ko 90 da dare, kuma wanda ya bar allura inda take tun azahar zai ɗauka tasha ta mutu. Matsakaicin zango ma haka yake: da rana ba ya wuce kewayensa, da dare sai tashoshin nesa su cika akwati har su hau kan juna. Muryar da ke tafiya tana dawowa, saƙo ne ya iso ta hanyoyi biyu suna kashe juna, ba laifin akwati ba ne. Ƙarar tsartsatsi da damina kuwa walƙiya ce, ko da hadarin na can nesa ba a ganinsa.

Aikin cikin ɗakin watsawa

Labaran duniya suna shigowa da Faransanci ta injin buga saƙon waya, daga kamfanin dillancin labaran Faransa. Edita ya zaɓa ya jera, mai fassara ya juya zuwa Hausa cikin gaggawa, sau da yawa shi ne kuma zai karanta. Aikin na buƙatar gwani, don babu ƙamus ɗin da ya tanadi kalmomin siyasa da kimiyya na lokacin. Da yawa daga ma'aikatan farko an horar da su a makarantar SORAFOM da ke Maisons-Laffitte kusa da Paris.

Jar fitila na kunnuwa idan makirufo ya buɗe, mai na'ura kuma na bayan gilashi yana magana da hannu. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya ba ya wuce kamar minti uku a kowane gefe, don haka ana ajiye na'urar faifai biyu, ɗaya na juyi ana shirya ɗayar. Tef mai faɗin milimita 6.35 yana gudu santimita 19 a daƙiƙa, ƙunshi mai mita 360 ya ba da kusan rabin awa. Gyaransa da hannu ne: a yi alama da fensir mai maiƙo, a yanka da reza a karkace don kada a ji ƙas a wurin haɗi, a liƙe da ɗanko na musamman. Ƙurar hunturu na cinye kan na'ura har murya ta dushe, maganinta a goge da auduga da sifirit kullum. Zafin bazara na lanƙwasa faifan roba ya kuma sa ɗanko ya saki. Shi ya sa kullum akwai faifan jiran ko-ta-kwana, don shirun daƙiƙa goma ya isa mai sauraro ya murɗa allura zuwa wata tasha.

Akwati, batir da eriya

Akwatunan farko masu ƙwayaye ne, kuma na batir suna buƙatar wuta iri biyu, bolt 1.5 don ɗumama ƙwayaye da bolt 90 don aiki. Batirin na da nauyi da tsada. Taransisto, akwatin da ba ya amfani da ƙwayaye, da ya bazu a shekarun 1960, yana aiki da batirin tocila huɗu ko shida, shi ne ya kai rediyo ƙauye da ruga. Alamar batir ya yi sanyi ita ce murya ta shaƙe kuma tasha ta riƙa zamewa. Shanya shi a rana na ba da ɗan ƙarfi na lokaci kaɗan, amma mataccen batir da aka bari a ciki yakan yi yoyo ya ci ƙarfen da ke riƙe shi. Eriya mai kyau ita ce wayar tagulla mita 10 zuwa 15 a ɗaure sama tsakanin sanduna biyu, da wuyan kwalba a kowane ƙarshe don kada ta taɓa itace, da wata wayar zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa mai laima. Idan hadari ya taso a cire ta daga akwati.

Ƙungiyoyin sauraro

A 1962 aka kafa Ƙungiyar Kulob-kulob ɗin Rediyo ta Nijar. Jagoran kulob, galibi malamin makaranta, yakan naɗi ra'ayin mutanen gari kan wani batu kamar irin shuka ko awon gyaɗa ko ruwan sha, ya aika tef Yamai. Can a tace a haɗa da na sauran garuruwa a watsa, jama'a su saurara tare, su yi muhawara, jagora ya rubuta rahoto. Wannan tsari ya cancanci yabo, domin shi ya ba manomi damar jin muryar ɗan'uwansa manomi a cikin akwatin da a da manya kaɗai ke magana. A 1967 aka kafa ORTN, hukumar rediyo da talabijin ta Nijar, ta karɓi ragamar Rediyon Nijar, a 1974 kuma aka sauya wa tashar suna zuwa Muryar Sahel.