Waiwaye: Tokar Ciyawar Teku da Watsewar Mutanen Tsaunukan Sikotland

Har gobe ana kai ruwa rana a Sikotland kan mallakar ƙasa a yankin tsaunukan arewa. Manyan filaye na hannun 'yan tsiraru, matasa na barin ƙauyuka saboda rashin muhalli, harshen Gailik, yaren gargajiya na mutanen yankin, kuma ya ja da baya ƙwarai: masu jin sa sun haura 250,000 a ƙidayar 1891, amma a ta 2011 ba su kai 60,000 ba. Wannan matsala ba yau ta faro ba.

An saba ɗora komai kan yaƙin Kulodin na 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe 'yan tawayen da yawancinsu mutanen tsaunukan ne, da abin da ya biyo baya: an haramta tufafin gargajiya, shugabannin dangi suka rikiɗe suka zama masu karɓar kuɗin haya, tumaki suka maye gurbin mutane a kwaruruka. Duk gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda aka kai waɗanda aka tasa.

Bakin teku aka kai da yawansu, a gaɓar yamma da tsibiran Hebrides, kan ƙasa mai duwatsu da laka. Aka yanka musu 'yan gonakin haya waɗanda ba za su ciyar da iyali ba, don dole su nemi aikin ciyawar teku. A yanko ta cikin ruwan sanyi, a shanya, a ƙona a rami, a sayar da tokar ga masu yin gilashi da sabulu, kusan yadda matanmu ke tace toka su haɗa sabulun salo. Lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, sarkin Faransa, da irin wannan toka ta daina shigowa daga Sifen, tan ɗaya ya kai kusan fam 20. Jama'a suka cunkushe a gaɓa.

Da yaƙi ya ƙare a 1815, aka kuma sassauta harajin tokar waje, farashi ya faɗi warwas. A ganina nan ne ƙashin bayan yankin ya karye, domin an bar dubban mutane ba sana'a, ba wurin kiwo, ba abinci sai dankalin Turawa. Cutar dankali ta zo a 1846 ta tarar da su a haka, jiragen ruwa suka riƙa kwasar su zuwa Kanada da Ostireliya.

Dokar 1886 ta hana korar masu ƙananan gonakin, amma ba ta mayar musu da kwarurukan kakanninsu ba. Sai a 1997 mazauna Eigg, ɗaya daga cikin tsibiran Hebrides, suka haɗa kuɗi suka sayi ƙasar da suke zaune a kai.